Gyaɗar da Muka Ƙi Matsewa

Ku da kuke cewa man gyaɗa sana'ar zaune ce, ku matso kusa, muryata ba ta kai inda take kaiwa da. Jiya na ji ɗayarku tana faɗa wa 'yar'uwarta wai abin ba wuya: a soya, a kai inji, a matse, a zuba a bido, wato jarka. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. In haka ne, ina matan da muka fara tare? Yawancinsu ko kaskonsu ba a san inda yake ba yau. Matsar mai kowa zai iya koya a rani ɗaya. Mai wuyar ita ce shekara ta juya miki baya, murhunki kuma bai mutu ba.

Ni Rabi, a hannun Goggo Barira na koya, ƙanwar babana. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure nesa, tana zaune ita kaɗai a ƙauyen da aka kawo ni aure, tsakanin Magarya da Dungas. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga hannu irin na maƙeri. Ranar da na je na ce ta koya mini sana'a, na ɗauka taɓarya za ta miƙo mini. Sai ta ɗauki fartanya ta ce in biyo ta gona.

Gayaunarta ba wata babba ba ce. Damina ta yi nisa, gero ya kai kafaɗa, wake yana yaɗo a ƙasa, gyaɗa ta cike tsakanin layuka, yakuwa ta kewaye iyaka, ga gawo guda a tsakiya ya zubar da ganye.

"Duba da kyau," in ji ta. "Wanne ne yake zaman banza a nan?"

Na nuna gawon, don shi kaɗai ne tsirara.

"Kin faɗi. Yana zubar da ganye da damina don gero ya sha rana. Da rani ya yi ganye, ya zubo 'ya'ya, dabbobi su zo su ci, su kwanta a inuwarsa, su bar mini taki. Wake yana rufe ƙasa kada ta bushe. Yakuwa tana tsare mini iyaka, in ci ganyenta, in yi daddawa da 'ya'yanta. Haka kakanki ya yi noma, ni kuma haka nake sana'a. Ba na zubar da komai, ba na kuma jingina da abu ɗaya. In kin yarda, gobe ki zo da wuri. In mai kawai kike so ki iya, ga matan gari nan, kowacce za ta nuna miki."

A raina na ce tsohuwa dai da surutu. Washegari na je.

Suya ce aikin farko da ta sake mini, bayan na daɗe ina ɓare gyaɗa har babban yatsana ya yi kanta. Kaskon ƙasa ne mai faɗi, a zuba rairayi mai tsabta ya yi zafi, sannan a zuba gyaɗa a riƙa juyawa da sakaina. Ba a barin ta ko don amsa sallama. Goggo ba ta duban kasko, hanci take sa wa. Tana can tana shara sai ka ji ta ce, "Sauke!" In ba ta soyu ba, mai ba zai fito ba ko za ki kwana kina tuƙi. In ta zarce, man ya yi duhu, ƙuli-ƙulin ya yi ɗaci. Gwajin shi ne ki murza ƙwaya ɗaya, jar fatar ta saɓule da kanta, cikin ya yi launin ƙasa-ƙasa. Daga nan a murje, a bakace a faifai, a hau dutsen niƙa. Lokacin inji sai Dungas, kuma ba kullum yake tashi ba, don haka gwiwa da kafaɗa su ne injinmu.

Turmin mai dabam yake, ba a daka barkono a ciki, ba a ba da aronsa ko ga surukar mutum. A zuba markaɗen, a yayyafa ruwan zafi da ludayi, kaɗan-kaɗan, a riƙa tuƙawa da taɓarya ta gefe ɗaya. Da farko abin laushi, sai ya fara tauri, ya fara kama taɓaryar, hannu ya ce ya gaji. A nan ne masu gaggawa suke ƙara ruwa, su mai da dukiyarsu kunu. In kika daure, sai ki ga ya fara ƙyalli, mai ya taso ya kwanta a sama. A kwashe, a matse abin da ya rage da hannu, shi ne tunkuza. A murza ta, a soya a cikin man da ya fito daga jikinta, ta ƙara sakin wani man, ta zama ƙuli-ƙuli. Har yau, in na ga mai ya taso a turmi, daɗi nake ji kamar ranar farko.

Abin da ya bambanta Goggo da sauran mata yana bayan gida, inda wasu suke da juji ita kuma ba ta da shi. Ɓawon gyaɗa shi ne makamashinmu, a haɗa da kara. Tokar a tace, ruwan a dafa 'ya'yan yakuwa da shi ko a yi sabulu da gurɓin man da ya kwanta a gindin tukunya, ragowar tokar a kai gona. Jar fatar da aka bakace ta kaji ce. Harawa ta rago ce, don kullum akwai rago guda a turke da bai san an taɓa saya masa abinci ba. Garin ƙuli da ya karye na Tanko mahauci ne, da shi yake haɗa yajin tsire. Wata rana na watsa ruwan wankin turmi a tsakar gida, ta bi ni da ido ta ce, "Ragon ya ce miki ya ƙoshi?"

Wani kaso na tunkuza kuma ba a soya shi, na Dudu ne. Dudu matar wani makiyayi ce, sa'ar Goggo, suna zaune a gefen gari da shanu da awaki, suna ɗan noman gero. Da rani, in ciyawa ta ƙare, takan zo ta karɓi tunkuza ta jiƙa wa shanun tatsa. Bayan girbi kuma garkensu ya zo ya yi kwanaki a gayaunar Goggo, ya tashi ya bar ta baƙi ƙirin da taki. Nono da man shanu ba su yanke mana ba. Ban taɓa ganin dala ta wuce tsakaninsu ba, sai dai tsiya.

"Barira, bana tunkuzarki ba ta da mai, kin matse ta kamar rowa ce ta haife ki."

"Shanunki ma takinsu bana siriri ne, ko azumi kike sa su?"

Masu saye kuwa, Goggo ta fi son ƙanana masu yawa. Akwai Indo mai ƙosai, akwai Tanko, akwai matan gida masu sayen ludayi ɗaya, akwai masu ɗaukar ƙuli su kai kasuwar Mallawa. Shekarar da na fara iya aikin sosai, wani Alhaji mai kamyo, babbar motar kaya, ya zo daga Magarya, ya sauke tano, wato gangunan zuba mai, a ƙofar mai gari, ya ce duk macen da za ta ba shi manta gaba ɗaya zai riƙa saye kowane mako, ba ciniki, ba bashi. Mata suka yi caa. Ni ma na so, don wa zai ƙi hutun yawon talla? Goggo ta ce kaso ɗaya kawai za ta ba shi.

"Haba Iya," in ji shi, "ga mai saye ɗaya ya ɗauke miki wahala."

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Ranar da kamyon ya ƙi tashi fa?"

"Ai ba ya ƙin tashi."

"To madalla. Indo dai ba ta shan esansi kamar mota, kullum da ƙafarta take zuwa."

Alhajin ya yi dariya, don ba mugun mutum ba ne, ya karɓi kason da aka ba shi. Sauran mata suka saki ƙananan masu sayensu, su kuma masu sayen suka dawo wurinmu.

Sai shekarar darɓa ta zo. Ba a daɗe da fita babban fari ba, sojoji sun hau mulki a Yamai, mutane suna cewa bana za a farfaɗo. Ruwa ya fara lafiya, gyaɗa ta yi kore shar. Lokacin maza da yawa sun ba gyaɗa manyan gonakinsu ita kaɗai, saboda ita ce ke biyan lanho, wato haraji, ita ce tufafin salla. Sai wasu ƙananan ƙwari suka sauka a bayan ganye, in ka taɓa hannunka ya yi danƙo. Ganyen ya murɗe, ya yi rawaya, shukar ta dunƙule ta ƙi girma. Mutane suka ce kuturta ce ta kama gyaɗa. Da kaka a tuge gindi a ga saiwa zalla. Na ga dattijo ya tsuguna a gonarsa yana tugewa yana dubawa, yana tugewa yana dubawa, kamar bai yarda ba.

Tamu ma ta taɓu, amma ba duka ba. Goggo da ruwan farko take shukawa, a matse, a cikin gero, kuma wani ɓangare ya tsira. Abin da muka samu ya cika babbar randa guda. Na kawo kasko ina murna, don lokacin ludayin mai ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba.

"Mai da kaskon," in ji Goggo. "Wannan ba ta suya ba ce. Iri ne."

Ta zuba ta da ɓawonta, tana barbaɗa toka tsakani, ta kifa sakaina a baki, ta liƙe da yumɓu da kashin shanu, muka ɗora randar a kan duwatsu a bayan gadonta saboda gara. Ga yadda lamarin ya tsaya, ku fahimta. In muka matse ta ko muka sayar, za mu ci na ɗan lokaci, amma damina ta zo ba iri a duk kewayenmu, sana'ar ta mutu ke nan. In muka bar ta, sai mun samo abin da gida biyu za su ci har ruwa ya sauka, ba tare da digon man gyaɗa ba. Geron ma bana tsutsa ta ci rabin zangarniya.

Labarin randa bai ɓuya ba. Alhaji ya dawo, wannan karon ba tano, ya ce zai ba da buhunan gero a madadinta. Malam, maigidana, ya ji. Ga lanho yana jiransa, ga rumbu bai kai rabi ba. Ya je ya tsuguna a ƙofar ɗakin Goggo, ya cire takalmi, ya gaishe ta kamar yadda suruki yake yi.

"Goggo, ba don in sa baki a abinku ba. Amma gero a hannu ya fi mini gyaɗar da ba a san ko ƙwaro yana cinta ba."

"Gaskiyarka, Malam. Ka ja ragon nan ka kai Dungas ka biya lanho. Sauran ka bar mini. Ranar da Rabi ta ɗora tukunya ba abin zubawa, da hannuna zan fasa randar."

Ya ja ragon. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin me za mu sayar, tunda ko ɓawon hura wuta ba mu da shi.

Da safe ta ce in ɗauko tsintsiya da kwando, muka nufi wurin su Dudu. Kai tsaye ta shige shingen awaki ta fara shara. Dudu ta fito da ƙwaryar tatsa tana kallon mu.

"Barira, abin har ya kai ki ga sharar awaki? Ki faɗa mini in ba ki gero."

"Riƙe geronki. Awakinki sun yi mini aiki, na zo kwasa."

Sai a lokacin na lura. Awaki suna cin 'ya'yan aduwa da suka zubo a daji, in sun dawo sun kwanta suna tuƙa, sai su furzar da ƙwallon, fes, ba sauran ɓargo a jikinsa. Shekara da shekaru yana taruwa a shingen, ba wanda ya kula. Goggo ta ce kafin gyaɗa ta cika ƙasar nan, kakarta da ƙwayar cikinsa take yin mai. Muka cika kwanduna, Dudu tana ta dariya, ta ce in mun gama mu wuce wurin maruƙa.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ƙwallon aduwa tauri gare shi, sai an ɗora a dutse an buga da wani dutsen, in kika kuskure yatsanki ne. Ƙwayar kuma ɗaci gare ta kamar maɗaci. Sai an tafasa, an jiƙa, ana canja ruwa har ɗacin ya fita, a shanya, sannan a soya a daka a tuƙa kamar gyaɗa. Wahalar ta ninka, man bai kai rabi ba. Amma mai ne, garau, rawaya-rawaya. Indo ta gwada a ƙosai, ta ɗanɗana, ta ce a riƙa ajiye mata duk abin da aka samu. Ɓawon ƙwallon kuma wutarsa ta fi ta gawayi, har maƙerin garinmu ya riƙa karɓa yana gyara mana fartanya a madadi. 'Ya'yan yakuwa da darɓa ba ta kula da su ba muka yi daddawar batso da su, muka riƙa kaiwa kasuwa.

Tanko ne ya ba mu dariyar da ta riƙe mu duk ranin. Akwai wata tunkuzar aduwa da ba a jiƙa ba, don man sabulu muka matse, Goggo ta ɗora ta a kan katanga ta sha iska. Muna rijiya Tanko ya shigo. Mutumin da ya yi watanni bai ga ƙuli ba, ya ga abu a dunƙule mai kama da nasa, ya ce lalle tsohuwa ta fasa randa a ɓoye. Ya kwashe, ya bar sallahu wurin Malam wai za a yi ciniki daga baya, ya soya, ya daka da yaji, ya yi wa naman ranar gaba ɗaya ado, ya tafi kasuwar Mallawa. Da la'asar sai ga shi da tire a ka, naman yana nan kusan yadda ya tafi da shi.

"Iya Barira, me na yi miki?"

"Lafiya, Tanko?"

"Wani Buzu ya ci tsinke ɗaya ya ce in faɗa masa gaskiya, dabbar nan da me ta mutu. Wani ya ce maganin shawara nake sayarwa. Har kare na jefa wa, ya sunsuna ya dube ni."

Goggo ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce, "Wa ya ba ka?"

"Na gani a katanga."

"To katangar ce ta cuce ka, je ka yi ƙararta."

Daga baya muka riƙa yi masa ta jiƙaƙƙiyar ƙwaya, tsirensa ya dawo daidai. Sunan dai ya bi shi, har ya tsufa ana ce masa Tanko Maɗaci.

Haka muka ja ranin. Kamyon Alhaji ya daina zuwa, tunda ba abin ɗauka, matan da suka jingina da shi suka zauna hannu biyu. Goggo ta kira wasunsu suka riƙa fasa ƙwallo ana ba su kaso. Ba mu ƙoshi ba, ba na yi muku ƙarya, sau da yawa kunu ne da safe kunu ne da yamma. Amma tukunyata ba ta taɓa hawa wuta ba abin zubawa, kuma Malam bai sake tsugunawa a ƙofar Goggo ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas muka jawo randar tsakar gida. In ƙwaro ya shiga, duk wahalar ta tashi a banza. Goggo ta fasa yumɓun, ta zura hannu can ƙasa, ta ɗauko ɗaya ta girgiza a kunne, ta ɓare. Ƙwaya biyu, ja, cikakku. Na saman kaɗan sun lalace, sauran lafiya lau. Murna ta kama ni, har na fara lissafin yadda za mu cika gayaunarta da tawa.

Sai ta ce in ɗauko tiya. Ta fara aunawa tana warewa gefe-gefe: wannan na 'yarta da ke aure wajen Yekuwa, wannan na yayar Indo a wajen Bande, wannan na matar Tanko, waɗannan na mata uku a garinmu, wannan na Dudu. Namu kaso ɗaya ne kamar na kowa.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Goggo, yatsuna sun farfashe a kan ƙwallon aduwa don ki raba wa mutane?" Malam ma da ya ji ya ce da ya sani da an karɓi geron Alhaji.

"Ke Rabi, tun da kike, kin taɓa ganin ruwa ya sauka wa kowa rana ɗaya? Ya jiƙa Bande ya tsallake mu, ya jiƙa mu ya tsallake Yekuwa. Darɓa ma haka. In na zuba ta wuri ɗaya, abu ɗaya ne zai kashe ta. Kuma mai matsar mai gyaɗar gari take bukata, ta gayauna ɗaya ba ta cika kasko."

Sharaɗinta biyu ne. Da kaka a maido abin da aka karɓa, ba ƙari. In kuma za a sayar da gyaɗa, a fara ƙwanƙwasa ƙofarmu. Dudu ta ce ita ina ta san gyaɗa, sai a tunkuza. Goggo ta ce, "Ki tona inda shanunki suka kwana bara, ki saka, ki hana awakin nan naki masu baki."

Muka shuka namu da ruwan farko. Ruwa ya ɗauke. Ɓerayen daji suka bi layi suna tone irin, wanda ya tsiro rana ta ƙone shi. Kafin ruwa ya dawo, kasonmu ya tafi gaba ɗaya, kuma babu irin da za a sake shukawa. Na ji tsoro ƙwarai a lokacin, don sana'ar ta fita daga hannunmu ta koma hannun mutane, wasu ma ban taɓa ganin su ba. Na yi kwanaki ina gaida Goggo a daƙile. Ita kuwa sai ta ce gero dai ya fito, in zo mu yi noma.

Kaka ta yi, aka fara shigo da amfani. Matan garinmu uku, nasu ya mutu kamar namu, ɗaya ce ta kawo rabin tiya tana ba da haƙuri. Matar Tanko ta zo tana sunne kai, ta ce yunwa ta sa sun cinye nasu tun kafin shuka. Goggo ta ce Allah ya sa ta yi musu amfani, ta ba ta wuri ta zauna. Ni ina duban rabin tiyar nan a faifai, ita ke nan abin da ya dawo daga randa guda.

Ranar wata kasuwar Dungas, da hantsi, wani mai jaki ya yi sallama, ya ce saƙo ne daga wajen Yekuwa. Tiyar da aka karɓa, da ƙaramin buhu na sayarwa. Ba a jima ba mai amalanke daga hanyar Bande ya sauke na yayar Indo, ya ce can ruwa bai yanke ba. Muna cikin aunawa muka ji muryar Dudu tun daga bakin gari. Ga ta da ƙwarya a ka, mijinta yana biye da takarkari, an labta masa kaya ta gefe biyu.

"Barira, fito ki karɓi abinki, ya cika mini ɗaki. Ni ban san haka take haihuwa ba. Ban ma iya tsinke ta ba, da ganyenta na kwaso, ki yi yadda za ki yi."

Goggo ta kwance ɗaurin, ta ɗaga gindi ɗaya, 'ya'ya sun yi masa reto har sun rinjaye shi. Sai ta fashe da kuka, a tsaye, a gaban kowa. Ranar ce kaɗai na ga hawayenta ba na dariya ba. Dudu ta rikice tana cewa ko ta ɓata wani abu ne. Goggo ta share fuska da bakin zane, ta juyo ta daka mini tsawa in kawo randa, me nake tsaye ina kallo.

Sai da randar ta cika aka liƙe ta, sannan ta yarda a ɗora kasko da abin da ya rage. Malam da kansa ya ɗebo rairayin suya, ba wanda ya aike shi. Da ƙamshin ya tashi, mutane suka riƙa leƙowa ta kan katanga, ba saye suka zo ba, shaƙa kawai, don an fi shekara ba a ji shi a garin ba. Damina ta gaba aka sake rabawa, har da matar Tanko.

To kun ji. Goggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙan ta, Dudu ma haka. Gyaɗar nan da na zuba muku ku ɓare jikanyar waccan ce, daga hannu zuwa hannu, ba a taɓa sayo wata an haɗa ba. Ta cikin kwando ita ce ta suya. Ta faifan gabanku iri ce, gobe za a raba ta gida-gida. Ke 'yar Sa'a, tun ɗazu nake ganin bakinki yana motsi. Fitar da hannunki daga faifan nan.